Kujerar mota mai ruwan madara: me ke kashe ta a Birnin Kebbi, launi ko wanki?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota a Birnin Kebbi ya san wannan gardama. Motoci biyu ne a jere, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, a ce Camry ɗin nan da ake kira Masul ko Lexus ES 350. Ɗaya cikinta baƙi ne. Ɗayar kuma da an buɗe ƙofa sai ka ga kujeru ruwan madara, fes, kamar falon amarya. Ido ya riga ya zaɓa tun kafin a buɗe injin. Sai abokin da ka jawo don ya taya ka gani ya ja ka gefe ya ce, "Malam, yara huɗu gare ka, kuma kana zuwa gona. Wagga ba taka ba ce, wata uku ka gama da ita." Dillali kuma yana can yana rantsuwa cewa tsumma da ruwa kaɗai take buƙata.

Kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, amma ba za a raba musu gardama ba sai an san a kan me ake zama tukuna.

Mu idan aka ce fata, aikin majema da dukawa ne ke zuwa mana a rai: fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa da bagaruwa, wadda fatake suka riƙa tsallaka hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don ta can take bi kafin ta isa hannunsu. Irin wannan fata tana shan ruwa, tana shan mai, tana ƙara duhu da kyau in ta tsufa. Ta mota ba haka take ba. Ta saniya ce, galibi da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, sannan a fesa mata fenti mai launi, a bi bayan fentin da wani shafi na roba garai-garai wanda bai kai kaurin takardar rubutu ba. Launin madarar da ya ɗauki hankalinka fenti ne, abin da hannunka ya shafa kuma wannan shafin ne. Fatar tana can ƙasa, ba ka taɓa ta ba. Abin dariya ma, kalmar "leda" da muke cewa daga sunan fata na Turanci muka aro ta, muka mayar da ita sunan jakar roba ta cefane. Mai cewa "kujerar leda ce" bai san ya fi mai cewa "fata ce zalla" kusa da gaskiya ba.

Gwajin ba wuya. Ɗiga ɗigon ruwa a wani lungu na kujerar. In ya tsaya a dunƙule, akwai shafi. In ya nutse ya bar duhu, to ko dai shafin ya cinye a wurin, ko kuma irin fatar nan ce mai tsada da ake yi wa shafi kaɗan don ta yi laushi, wadda ake samu a manyan motoci irin su Lexus LX da LS. Wannan ita ta fi daɗin zama, ita kuma ta fi saurin kama tabo. Tsadar mota ba ta ƙara wa kujera juriya, wani lokaci ma rage mata take yi.

Ban da haka, a yawancin motocin da ake cewa masu kujerar fata, tsakiyar mazauni da jingina ne kawai fata. Gefe da baya roba ce da aka yi wa zanen fata. Wasu kuma gaba ɗaya ba fata a jikinsu: Toyota tana kiran tata SofTex, Lexus NuLuxe, Mercedes MB-Tex, BMW Sensatec, fararen kujerun Tesla ɗin da ake gani a hotuna ma ba fatar dabba ba ce. In kana son tabbatarwa, leƙa ƙarƙashin kujera inda aka lanƙwasa bakin abin aka ɗaure. Bayan fata gashi-gashi ne kamar cikin tsohon takalmin baduku, bayan roba kuma yadi ne saƙaƙƙe. Kada ka raina ta roba. Wajen ƙin tabo ta fi fata, kuma masu tsofaffin Mercedes sun san yadda MB-Tex ke kai shekaru. Aibinta ɗaya: ranar da ta fara tsagewa ko saɓulewa, ba a farfaɗo da ita, sai dai a sauya.

To yanzu batun datti. Kujera mai haske ba ta fi baƙa ɗaukar dauɗa ba, shafinsu iri ɗaya ne. Baƙa tana rufa asiri ne, mai haske tana tonawa. Ko nan ma ba kowace dauɗa ba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, fari-fari ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu mai baƙin ciki (na mota nake nufi) shi ke shan wahala: ya goge da safe, kafin azahar ana iya rubuta suna da yatsa a kan kujerarsa. Ruwan madara kuwa tana shanye wannan ƙurar, ido ba ya gani. Da damina sai abin ya juya. Jar laka ta hanyoyin ƙauye da baƙar taɓon fadamar Argungu ko Suru, da yaro ya taka kujera sau ɗaya an gani.

Duk wannan mai sauƙi ne, domin ƙura da laka da gumi da kunu a saman shafi suke zama, tsumma mai laima ya ishe su. Abokin gabar kujera mai haske na gaskiya rini ne. Rini ba ya zama a sama, ratsa shafin yake yi ya shige ciki, zafi da gumi da gogayya kuma su ne 'yan rakiyarsa. A ƙasashen Turawa sabon wandon jins suke kuka da shi. Mu muna da jins ɗin, muna kuma da abin da ya fi shi: rinanniyar shadda da ba ta sha wanki ba, atamfa mai zuba, ɗankwali da hula masu barin launi a matashin kai, jan goro, zoɓo, manja, biro a aljihun baya, sai kuma lalle.

Ni da kaina na ɗanɗana. Rakiyar amarya muka yi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Afrilu, gwaggona ta zauna a gaba cikin sabuwar galila ruwan shuni. Na ga shaddar tun tana nufo motar, na kuma san abin da zai biyo baya, amma wa zai ce wa gwaggonsa ta dakata a shimfiɗa mata tawul? Da muka sauka, siffar zamanta tana nan a kujerar, shuɗi-shuɗi. Hidimar biki ta sa na bar shi har mako guda, motar kuma tana rana. Da a daren nan na goge, da akasarinsa ya fita. Bayan mako ɗaya rinin ya riga ya dahu a cikin shafin, har na sayar da motar inuwarsa tana nan. Tun daga ranar, in akwai biki ko Sallah, ina shimfiɗa farin tawul tun motar tana gida, kafin kowa ya zo, don kada wani ya ɗauka saboda shi aka yi.

Lalle ya fi shadda muni. Sinadarin da ke sa shi ja yana kama fatar mutum ne saboda yana manne wa furotin, fatar kujera kuma furotin ce. In shafin yana nan lafiya kuma aka goge nan take, an tsira. In ya samu tsaga ko huda ya kai ga fatar, ya zauna ke nan. Baƙin lalle, wanda galibi da rinin gashi ake haɗa shi, ba a ma maganarsa. Hannun ƙofa da wurin ɗora hannu na tsakiya su ne wuraren da 'yan matan amarya ke barin sa hannunsu.

Turare kuma ta wata hanya yake ɓarna. Na fesawa yana ɗauke da sinadarin barasa mai narkar da shafi, na mai da humra kuma suna tausasa shi har ya yi danƙo. A 2019, tun kafin korona, kamfanin Ford ya bayyana cewa injiniyoyinsa sun lura man tsabtace hannu da man kare fata daga rana da maganin sauro na shafawa suna cin kayan cikin mota. Shekara ɗaya bayan haka kowa ya koma shafa man hannun nan yana kama sitiyari. Idan ka ga sitiyari mai haske da ya yi dabbare-dabbare, fentinsa ya kwaile daidai inda tafin hannu ke zama, ka san abin da ya ci shi.

Ƙura ma kada a yi mata kallon ba komai. Ba ta rina kujera, amma tana goge ta. Akwai yashi a cikinta, kullum ka zame ka shiga ko ka fita kana murza shi a kan shafin kamar mai goge katako kafin fenti. Shi ya sa kafaɗar kujerar direba ta wajen ƙofa ita ke fara mutuwa a kowace mota. A baƙar kujera tsagar ba ta cika fitowa ba. A mai haske dauɗa na cika tsagogin, su zama baƙaƙen layuka kamar faso a dunduniya. Wanda ya saba dafa hannu ya ɗaga jikinsa ya fita, maimakon ya zame, kujerarsa takan daɗe fiye da ta maƙwabcinsa.

Inda ruwan madara ta ci gari babu gardama shi ne zafi, kuma a Kebbi wannan ba ƙaramar magana ba ce, garin da Maris da Afrilu ke haura digiri 40. A wani nazari da aka wallafa a 2018, masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka sun ajiye motoci a rana na awa ɗaya, a ranakun da zafi ya kai kimanin digiri 38 zuwa sama. Iskar cikin mota ta kai kusan 47, kujeru 51, sitiyari 53, dashbod kuwa 69. A inuwa kujerun wajen 41 suka tsaya. Baƙin abu ya fi shan hasken rana, don haka bayan sallar Juma'a wanda zai zauna a baƙar fata shi ya fi yin tsalle. Kada dai a zuzuta: launi yana rage zafin da cinya ke ji, amma iskar cikin rufaffiyar mota tanderu ce ko da wane launi. Inuwa ta fi launi tasiri nesa ba kusa ba. Rumfar kwano ta fi gindin dogon yaro, don shi yana zubo 'ya'ya da kashin tsuntsaye. Inda babu ko ɗaya, abin tare gilashin gaba mai ƙyalli yana taimakawa ƙwarai. Rana ce ke sa ruwan madara ta koma rawaya-rawaya, zafi da bushewar hunturu kuma su ƙandarar da fatar har ta fara tsagewa. Mai tunanin baƙin gilashi ya tuna akwai dokar 1991 da ta wajabta izinin 'yan sanda, kuma a yankin da ake fama da matsalar tsaro ba a wasa da ita a shingen bincike.

Amma a ganina, ba rana ba, ba rini ba, babban abin da ke kashe kujera mai haske a wurinmu shi ne wanki. Ka kai mota wurin wanki, yaro ya ga kujera ta yi duhu, yana son ya burge ka. Sai ya ɗebo ruwan omo daga bokitin da ya wanke taya, ya ɗauko soson buhu ko burushi mai tauri ya dirje. In tabo ya ƙi, ya kawo bilicin wanke farin kaya, in ya ƙi ya kawo fetur ko tina. Ka dawo ka tarar kujera ta yi fari tas, har ka ƙara masa na goro. Ba laifinsa ba ne, abin da kake son gani ya ba ka. Abin da ya faru kuwa shi ne ya cire dauɗar tare da rabin shafin. Jemammiyar fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin pH, mai auna tsami da kanwa, wajen 4.5 zuwa 5 take. Garin sabulun wanki yana wajen 10, bilici ya ma fi haka, wato ɓangaren kanwa suke, kishiyar abin da fata ke so. Shafin da aka kankare ya zama kaushi-kaushi, kaushi kuma shi ke riƙe dauɗa. Cikin mako biyu kujerar ta fi da duhu, sai a sake dirza da ƙarfin da ya fi na farko. Wanki biyar ko shida irin wannan, an kai ga fenti, daga fenti sai fata tsirara. Mai motar sai ya ce launin ne ba ya jure ƙasarmu.

Bayan dirza sai fesa man ƙyalli, wanda na dashbod ne. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: sabuwar kujerar fata ba ta ƙyalli. Dishi-dishi take. Ƙyallin da ake gani a tsohuwar kujera maiƙon jiki ne da dauɗa da zama ya goge har suka yi sheƙi. Man ƙyallin yana ƙara santsi, yana kama ƙura, ya kuma ɓata farar riga. Haka masu shafa basilin ko man kaɗe ko man gyaɗa wai don fata ta yi laushi. Dabarar daidai ce a kan sirdi ko takalmin fata na gargajiya. A kan kujerar mota man ba ya ratsa shafin roba, yana zama a sama ya zama tarkon ƙura, wanda ya samu tsaga ya shiga kuma ya bar baƙin tabo da ba ya fita.

Abin da ya kamata a yi ba ya cin kuɗi. Littafin da Toyota ke sakawa a motocinta ya ce a fara zuƙe ƙura, sannan a goge da tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan sabulu marar kaifi irin na wanke kayan ulu, kashi 5 cikin 100, wato cokali ɗaya na sabulu a cokali 19 na ruwa. A sake bi da tsumman ruwa zalla da aka matse sosai, a tsane da busasshe, a bar ta ta sha iska a inuwa. Sun ce aƙalla sau biyu a shekara, amma wanda ya rubuta haka bai yi hunturu a Jega ba. A nan, busasshen goge ƙura kowane kwana biyu ko uku, tsumma mai laima sau ɗaya a mako, sabulu sau ɗaya a wata ko biyu. Tsumman ya zama fari, don kada shi ma ya zuba, kuma don ka ga abin da ke fita. Fara kawar da yashi kafin ka sa laima, in ba haka ba dirza kake yi. Tabon rini kuma a ranar ake binsa, a hankali, ana dannawa ana ɗagawa. Kujera mai ƙananan huji don shan iska kada a jiƙa ta sharkaf. In fura ko nono ya bi hujin ya sauka cikin soso, warin zai yi damina ya yi rani tare da kai.

Littafin ya kuma yi gargaɗi kada a bar kayan roba ko leda a kan fata, don in mota ta yi zafi suna iya mannewa. Masu barin ledar kamfani a kan kujera wata da watanni don a san sabuwa ce, su ji. Rigar kujera kuma, ni ban ga hikimar sayen mota saboda kyan kujerunta sannan a lulluɓe su har ranar sayarwa ba. In dole ne, a guji baƙa ko ja mai araha, don bayanta na iya zuba a kan fatar, yashi kuma yana taruwa a ƙarƙashi yana ci a ɓoye. Mafi muhimmanci, motoci da yawa suna da jakar iskar kariya a gefen kujera, wurin yana da alama. Rigar da aka ɗinka ta rufe wurin tana iya hana jakar fitowa ranar haɗari.

Wa ya dace ya saya? Ma'aikacin da ke da rumfa a gida da wurin aiki, wanda zai iya riƙe tsumma da kansa, ruwan madara za ta yi masa shekaru tana kyau, ya kuma huta da ƙunar kujera. Wanda motarsa ke shiga fadama, ta ɗauko albasa daga Aliero, ta kawo bandar kifi daga Yauri, ta kai yara makarantar boko da safe da Islamiyya da yamma, abokin nan da ya ja shi gefe ya fi dillali gaskiya. Ba don kujerun kaɗai ba ma. Mota mai hasken ciki, kafet ɗinta da rufinta da bel ɗinta duk masu haske ne, su kuma yadi ne, ba su da shafi. Kujera a goge ta ta dawo, amma kafet ruwan madara da ya sha jar laka da man birki daga takalmin makanike ba ya dawowa. Da za a bar ni in zaɓa, ruwan ƙasa mai ɗan duhu ko ruwan toka zan ɗauka: ba ya ƙuna kamar baƙi, kuma kowace ƙasa ta Kebbi ta hau shi sai ta saje.

Saura wani abu ga mai saye. Galibin motocin da ke zuwa mana, ta Legas ko ta Kwatano, sun yi shekara goma ko fiye a hannun wasu. Idan ka ga motar 2008 da kujerun madara babu ko tsaga, kada ka yi saurin murna, mai yiwuwa an sake fesa musu fenti. Fenti na gyara ba laifi ba ne in da kayan fata aka yi shi, aka kuma rufe da shafi. Na gaggawa kuwa, wata biyu a ranar Kebbi ya fara ɓarewa yana bin riga. Duba zaren ɗinki: in launinsa ya zama ɗaya da kujera kuma ya ƙandare, fenti ya hau shi. Duba ƙananan hujin ko sun toshe. Danna tafin hannu na ɗan lokaci ka ji ko akwai danƙo, ka shinshina ko akwai warin tina. Kwatanta kujerar direba da bayan kujerar baya inda rana ba ta kaiwa. Sannan ka jawo bel har ƙarshensa. Wasu motocin gwanjon Amurka ambaliya ce ta cinye su kafin a loda su a jirgi, kuma a bel mai haske ruwa yakan bar layi daidai inda ya tsaya. Kujera ana fentinta, kafet ana sauya shi, amma ba kasafai mai gyara ke tunawa da ƙarshen bel da ke naɗe a cikin bango ba.